Sunan da Ya Ƙi Fita Bakinsa

Salamu alaikum 'yan uwana mata, da mazan da ke laɓewa su karanta su ce ba su karanta ba. Wadda ta zo don dariya ta yi haƙuri, akwai ta, amma 'yar kaɗan ce yau. Ni ce Furera ta Sae Sabuwa, wadda aka sani ba ta kwana da labari a ciki. Wanga kam na kwana da shi, kuma ya yi min nauyi kamar na haɗiyi dutsen niƙa.

Bari in fara da Rukaiya, don a kanta maganar take. Jikata ce, ɗiyar ɗana na fari. Kada ku jira sunan ubanta, ba za ku gan shi nan ba. A gidanmu ba a kama sunan ɗan fari, haka muka tarar tun kakanninmu na bin shanu, ni kuwa shekara arba'in da bakwai bakina bai taɓa zamewa ba. "Wancan" nake ce masa, ranar da ya yi min daɗi in ce "mai gidan nan". Uwar Rukaiya ta rasu yarinyar na da shekara huɗu, aka miƙo min ita da 'yar tasarta da takalmi wari guda. Yanzu shekararta ashirin da uku, metires ce, wato malama, a lakol ɗin garinmu inda yara ke karatun boko. In ta sa doguwar rigarta mai ruwan ƙasa ta rataya jaka ta fito, ni kaina sai in gyara ɗaurin kallabi.

Mai nemanta sunansa Mansur, gyaran salula yake a Gidan Rumji, yana da 'yar butik, ɗan shago, kusa da tasha inda yake yanka wa mutane layi. Fari, siriri, ga ladabi ga wasa. Ran kasuwa bai taɓa zuwa min hannu rabbana ba, ko goro ko tsire a takarda, ya durƙusa ya ce, "Ina amaryata ta gaskiya? Waccan ai 'yar rakiya ce." Ni kuwa tsohuwar banza sai in washe baki.

Wancan bai so ba. Ya ce shi bai ga gonar yaron ba, bai ga garkensa ba, kuma moto, babur sabo fil irin wanda yake hawa, ba ya fitowa daga gyaran salula. Na ce hassada ce irin ta manomi. Da ya kafe, na ƙulle kayana a zane na aza a ka, na ce garin Gangara zan koma wajen ƙanwata tunda maganata ba ta da daraja a gidan nan. Har bakin hanya ya biyo ni, ko hula bai tsaya ɗauka ba. Nan ya ce, "Inna, na ba shi. Amma ke kika tsaya masa." Na ce na tsaya, da ƙafa biyu. Aka ajiye magana ranar Jumma'a baffannin Mansur za su zo a sa rana.

Yanzu ku ji na Ikilima. Maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu, shekara ɗaya aka kawo mu garin nan amare. Bayan girbi wasu suka kira ta, suka ce daga kamfanin waya suke, cuta ta shiga salularta, za a aiko mata da kod, wata lambar sirri, ta karanta musu su gyara. Baiwar Allah ta karanta, har da godiya. Suka ce ta kashe salular kwana uku don gyaran ya kama, ta kashe. Ashe watsap ɗinta suka ɗauke. Suka rubuta wa ɗanta Safiyanu da ke aikin gini a Aljeriya cewa tana kwance a likita, rai a hannun Allah, a aiko da kuɗin aiki. Ya aiko da duk abin da ya tara a shekara uku. Ya kira ya kira layi a kashe, sai ya bar aikin ya hau mota ya ƙetaro sahara.

Ina tsakar gida na ji ihun. Ya shigo yana kuka yana tambayar ina aka binne ta, ya tarar da ita tana tankaɗe. Nan ya faɗi bakin turmi. Yanzu yana gida ba aiki, ba ya magana da kowa. Ita kuwa ta sa salular a ƙasan kwalla ta rufe, ko suna ba ta fita, wai ita ta kashe wa ɗanta shekara uku da bakinta.

Tun ranar na ɗauki aniya. Duk wanda ya kira ni da zancen gyaran layi, ba na zagi, ba na kashewa. Riƙe shi nake. Kiredinsa, kuɗin wayarsa, ke ƙonewa ba nawa ba, kuma muddin yana kunnena, ba ya kunnen wata Ikilima. Na yi huɗu kafin wannan. Akwai wanda na riƙe tun na ɗora wake har ya nuna, akwai wanda da bakinsa ya ce, "Mama, don Allah ki yafe min, kuskuren lamba ne." Ba zan ɓoye muku ba, daɗi nake ji, har jira nake su kira.

Ranar Laraba bayan azahar ina gindin bishiyar bedi ina ɓarar gujiya, salular ta yi kuka. Baƙuwar lamba. Na goge hannu a zane na ce bismillahi.

"Alo madam. Daga sarbis ɗin gyaran layi muke kira. Na'urarmu ta nuna cuta ta shiga salularki, in ba a gyara ba ƙarfe biyar za a rufe layin."

Muryar babban mutum ce, Hausarsa ta birni, yana sauri kamar mota za ta bar shi.

Na ce, "Wa alaikumus salamu," duk da bai yi sallamar ba. "Ina wuni?"

"Lafiya. Madam, yanzu za ki ga saƙo..."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya iyali? Ya mai jikin?"

"Wane mai jiki?"

"Haba ɗana, gida ai ba ya rasa mai jiki. To cutar nan tana kama mutum? Don tun shekaranjiya kunnena na hagu ke kaɗa ganga, kuma da shi nake amsa waya."

Ya ce ba ta kama mutum. Na ce alhamdu lillahi, na yi masa addu'a doguwa, shi da kamfaninsu da wanda ya kafa kamfanin, sai da ya ce amin sau bakwai. Saƙon ya shigo, Faransanci ne da lambobi shida a tsakiya. Lamba kam na iya ta sarai, amma na ce masa bari in nemo tabarau. Na neme shi a ɗaki, na neme shi a madafa, ina faɗa masa duk inda na duba, alhali yana kan hancina.

"Yauwa, na gani. Na farkon ya yi kama da lauje."

"Bakwai ke nan?"

"To, in ka riƙe shi ta ƙota. In ka riƙe ta baki kuma wani abu ne."

"Madam, juya salular daidai."

"Ina ne daidai? Tsaya, tsaya, akuya ta shigar min gujiya. Kar ka kashe!"

Ba akuya ko ɗaya. Na aza salular kan turmi na ci gaba da ɓarata, ina jin sa can ƙasa-ƙasa yana "alo, alo" kamar ɗan tsako ya faɗa rijiya. Sai da ƙwarya ta kai rabi na ɗauka. Na ba shi labarin akuyar, da wanda ya sayar min da ita, da yadda matar mutumin ta yi yaji sau uku a kan amalanken jaki. Ya ce madam, kod. Na ce ai ina zuwa, yajin na uku shi ne mai daɗin. Saƙon ya tsufa, ya aiko wani. Na ce to yanzu sun zama biyu, wanne ne uwa wanne ne ɗiya?

Da na ji numfashinsa ya fara tsawo, sai na saki Gobiranci irin na kakata, na zuba masa Fulatanci a kai kamar man shanu.

"Mi kac ce? In taɓa wanga ja ko wanga tsanwa? Awo, ga shi yat tahi! Shi dawo ko in bi shi? Mi nanaay, ɗana, ban ji ba."

Ya yi tsaki. Na ji ya janye baki daga wayar yana ce wa wani, "Kai, bar wannan ka zo ka karɓi tsohuwar nan. 'Yar yankinku ce, ni ta gama da ni." Sannan ya dawo da muryar buro, irin ta ma'aikacin ofis. "Madam, ga babban tekinisiye, shi zai gyara miki."

Na gyara zama ina murna, na ce yau biyu na samu a tarko ɗaya.

"Alo," in ji na biyun. Ya danne murya can cikin maƙogwaro don a ce babba ne.

"Sannu babban tekinisiye. Ina wuni? Ina gajiya? Yau mun ba ku aiki."

Shiru. Har na duba ko rezo ne ya ɗauke layin ya yanke. Sai na ji na farkon a bayansa yana cewa, "Yi mata magana mana, me kake kallo?"

"Lafiya lau," ya ce, da ƙyar.

Wallahi ban kawo komai a raina ba. Dabara ce kawai wadda nake ajiyewa sai ƙarshe. Na ce, "To ɗana, ga kod ɗin a gabana, yanzu na gane shi tsaf. Amma an ce min kar in karanta wa kowa sai ya faɗi sunan mai layin. Layin ga, ɗana na fari ya yanka da kartinsa na ɗan ƙasa, ni kuwa ka san ba na kama sunansa. In ku kamfani ne, sunan na gabanku. Karanto min, ni dai in ce e."

Na farkon ya ji, don ya matso har ina jin numfashinsa. "Ga shi nan a littafi, na uku daga sama. Karanta mata mu wuce wurin."

Na ji an buɗe takarda.

"Sunan..." Ya tsaya. "Na Baba ne."

"Baban wa?"

"Karanta sunan mana!" in ji na bayan. "Makaho ne kai?"

"Baba," ya sake cewa, kuma wannan karon ya manta bai danne muryar ba.

'Yan uwa, gujiyar da ke hannuna ban san sadda ta zube ba. Baƙon ɓarawo ba abin da zai hana shi karanta sunan wani ƙato da bai sani ba. Mutum ɗaya ne ke da wannan murya, kuma harshensa ba zai ɗauki sunan nan ba ko an aza masa wuƙa, don jibi yake shirin zama surukin mai sunan. Mansur ne. Tarbiyyar gidansu ta hana shi kama sunan suruki, amma ba ta hana shi zama cikin ɗakin nan ba.

Ban kira sunansa ba. Da mutumin nan tsaye a bayansa, ban san me zai same shi ba. Na ce, "To. Na ji."

Sai ya yi magana da sauri kamar mai yar da garwashi. "Layinki lafiya yake. Kar ki ba kowa lambar nan, kowa." Na ji na farkon ya ɗura masa ashar, wani abu ya faɗi, layin ya mutu.

Na zauna har inuwar bedi ta bar ni, rana na dukana ban matsa ba. Ni da ko kaza ta yi ƙwai a gidan wani sai na kai labari unguwa uku, ga labarin da ya fi duk wanda na taɓa samu, kuma ba kunnen da zan kai shi.

Rukaiya ta shigo da la'asar sakaliya da ƙunshi daga wajen tela. Ko takalmi ba ta cire ba ta warware. Shadda ce ruwan zuma, an yi mata aiki a wuya da zare mai ruwan gwal, da mayafi mai 'yan duwatsu a gefe. Ta sa, ta juya a tsakar gida, hannun rigar ya ɗan yi mata tsawo.

"Tsohuwa, yau ba baki? Ko baƙin ciki ne za a ƙwace miki mai kawo tsire?"

"Ta yi kyau," na ce.

"Ta yi kyau kawai? Ke da ko tsintsiya aka saya sai kin faɗi aibunta uku?" Ta dafa goshina. "Kaka, jikinki?"

"Rana ce."

Salularta ta yi ƙara. Da ma ni mai leƙe ce, in saƙonsa ya zo sai na miƙa wuya, shi kuwa dogo yake yi, "hasken idona, sanyin safiyata", mu yi ta dariya. Na ranar kalma uku ne. Ta karanta a fili tana yamutsa fuska. "'Kaka tana lafiya?' Ji min mutum! Ni bai tambaye ni ba."

"Ce masa tana nan."

Tuwon maraicen nan ban san ɗanɗanonsa ba. Wancan ya leƙo yana tambaya ko tabarmi shida za su isa baƙin Jumma'a, ko a aro na masallaci. Na ce a aro. Ya tsaya yana kallona, ya ce, "Inna, kin samu yadda kike so, sai ki saki rai." Na juya masa ƙeya kamar yadda na saba, amma ranar ba kunyar ɗan fari ce ta juya ni ba.

Ku gaya min, ku da kuke da karatu. In na yi shiru, Jumma'a a sa rana, yarinyar da na raina ta shiga gidan da aka gina da hawayen irin su Ikilima, ba mai sani sai ni da Allah. In na yi magana, in karya mata zuciya da hannuna, in je gaban wanda ya bi ni bakin hanya ba hula in ce masa kai ke da gaskiya. Garin nan kuwa na san bakinsa, ai ni na koya masa. Har wata zuciyar ta ce min, to ai ya cece ki, ya ce kar ki ba da lambar. Na ce e, ni ya ceta, don ya san muryata.

Da hantsi ranar Alhamis na zaga gidan Ikilima, wai aron rariya. Na iske ta bakin ɗaki tana tsince wake, zanen jikinta wanda na gani tun Litinin. Safiyanu na kwance ƙarƙashin rumfa ya juya wa ƙofa baya.

"Furera, har yanzu kina wasan nan naki da su?"

"Jiya ma na riƙe ɗaya."

Da can in na ba ta labarin takan ɗan yi murmushi. Ranar ba ta yi ba. Ta ce, "In wani ya sake kira, ki tambaye min shi abu ɗaya. Uwarsa na da rai? Shi ke nan. Ina son in sani ne kawai."

Na fito ban ɗauki rariyar ba.

Ban aika wa Mansur ba. Na ce in ya zo da ƙafarsa, da sauran mutum a cikinsa. Bayan la'asar na tura Rukaiya gidan kitso, na ce kar ta dawo sai an gama har ƙeya. Na shimfiɗa tabarma gindin bedi na zauna. Ba a jima ba na ji moto ya tsaya, nesa da ƙofa, ba inda ya saba ajiyewa ba.

Ya shigo ba goro, ba tsire, ba "amaryata". Tun waje ya cire takalmi. Riga shuɗiya ce jikinsa ta sha guga, amma leɓensa na ƙasa a fashe, ya kumbura. Ya durƙusa can bakin rumbu.

"Matso. Ni ba jandarma ba ce."

Ya matso kaɗan. "Ina wuni, Kaka."

"Babban tekinisiye. Wa ya fasa maka baki?"

Ya sunkuyar da kai.

"Littafin da aka buɗe jiya, na butik ɗinka ne? Wanda kake rubuta mutane in sun zo yankan layi?"

"Shi ne."

"Duka ka ba su?"

"Duka. Wallahi Kaka ban tuna da lambar Baba a ciki ba. Da na tuna, da na yage shafin."

"Da ka yage namu. Na Ikilima fa? A wajenka ta yanki nata, ni na raka ta, ka ba mu kujera ka saya mana ruwan sanyi."

"Ba ni na kira ta ba."

"Ban ce kai ka kira ba."

Ya fara magana a guje. Wai da farko littafin kawai suka nema, daga baya suka ce ya zo ya riƙa karɓar tsofaffin yankin nan tunda shi ke jin harshensu. Wai butik ba ta kawo komai, ga aure ya taso, ga Baba na cewa ba shi da gona. Wai ya riga ya gaya musu daga Jumma'a ya bari. Na ƙyale shi har ya ƙare don kansa.

"An ba ni saƙo gare ka," na ce. "Ikilima ta ce in tambaye ka, uwarka na da rai?"

Ya ɗago ya dube ni. Na san amsar, ai na san uwar, Asiya mai fura, kullum da carbi a hannu, ita ta rako ni har bakin tasha ranar da na je ganin gidansu. Ya kifa fuska a gwiwa yana kuka. Allah ya sani na so in dafa kansa. Hannuna har ya tashi, na mayar da shi na danne a cinya.

"Ka ji abin da zan yi, Mansur, don kar ka ce na yi maka zagon ƙasa. Ni na tsaya maka, ni zan je in janye ƙafata. Baffanninka kada su taso gobe. Abin da za ka gaya musu, kai ka sani. Littafin kuma..."

"Ai ka ce min ka daina."

Ba daga bakina ta fito ba. Rukaiya ce tsaye a bakin zaure, kanta rabi kitse rabi tsefe, tsinken kitso maƙale a gashin, mayafi a hannu. Ƙarar moton ta ji ta baro mai kitso. Ba ni take kallo ba, shi take kallo.

"Har Alƙur'ani ka dafa, ka ce min ka daina."

Na dubi yaron, na dubi yarinyar.

"Ke. Tun yaushe?"

"Kaka..."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun damina. Na ga saƙonni a salularsa. Ya yi kuka ya ce ya bari. Na ce in na faɗa, Baba zai..."

"Tun damina. Kafin girbi ke nan." Na nuna katangar da ke tsakaninmu da Ikilima. "Ranar da Safiyanu ya faɗi bakin turmi, ke kika kawo ruwan da aka yayyafa masa."

Ta dubi katangar. Hawaye na zuba, ko sharewa ba ta yi.

Na dafa turmi na miƙe, gwiwoyina na ƙara. Na shiga ɗaki na ɗauko baƙin mayafina na zuwa gaisuwar mutuwa, don shi hannuna ya fara taɓawa. Ina fitowa ta zube ta riƙe min ƙafa, kamar sadda take ƙarama in za ni kasuwa.

"Kaka, don girman Allah. In kin faɗa masa na Mansur, zai tambaya ko na sani."

"Zai tambaya."

"To me za ki ce?"

"Abin da na ji da kunnena."

Na cire yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Mansur na nan durƙushe, ban sake duban inda yake ba. Daga gindin bedi zuwa shigifar mai gidan nan taku talatin bai cika ba, amma sai da na tsaya sau biyu. Na iske shi zaune kan buzu yana kakkaɓe tabarmin aro, rediyo na magana gefensa. Ya gan ni da baƙin mayafi, ya miƙe da sauri.

"Inna, wa ya rasu?"

"Kashe rediyon nan ka zauna," na ce. "Maganar biyu ce, kuma ta farkon ita ce mai sauƙi."